Dokin Wane Muke So a Zana, Ba Doki Kawai Ba

A Amurka da Ingila akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai zana karnuka da kyanwowin jama'a. Mai kare zai turo hotunan karensa ta waya, a yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami, bayan 'yan makonni a aika masa da zanen cikin firam ya rataye a falo. Da wannan suke biyan haya, da shi suke ɗaukar ɗawainiyar iyali. Ƙungiyar masu sana'ar kayan dabbobin gida ta Amurka ta ce a 2023 kaɗai mutanen ƙasar sun kashe dala biliyan 147 a kan dabbobin da suke ajiyewa a gida, daga abinci zuwa magani da sauran tarkace, to mai zane ma a nan yake tsintar rabonsa. Ka faɗi wannan labari a majalisar bakin titi a Makera, ko a tashar motar Kurfi, ka sha dariya. Wani zai ce kuɗi ne suka yi musu yawa, wani ya ce rashin 'ya'ya ne, wani kuma ya rufe zancen da cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Dariyar ba ta dame ni ba. Abin da nake ja da shi shi ne zaton da ke ƙarƙashinta, wai mu ba mu san irin wannan shaƙuwa da dabba ba. Cikin masu dariyar akwai wanda ba ya karyawa da safe sai ya ga an zuba wa dokinsa harawa. Akwai mai tattabarun da in ɗaya ba ta dawo da magariba ba sai ya kasa zaune ya kasa tsaye. Akwai mafaraucin da aka kashe masa kare a dawa ya yi kwanaki ba a jin muryarsa. Akwai tsohuwar da in za ta tafi biki wani gari sai ta bar sallahu a riƙa zuba wa kyanwarta abinci. Ba ma sa wa kare riga, ba ma hawa da shi gado, addini da al'ada sun shata mana iyaka a nan, kuma iyakar ta yi mini daidai. Amma son yana nan daram. Wanda zai zana shi ne babu. Ni a ganina sana'a ce guda kwance a ƙofar gida, matasanmu masu baiwar zane suna tsallake ta kullum suna wucewa.

Masu baiwar kuwa ba su yi ƙaranci ba. A yankinmu, Dutsin-Ma gari ne na makarantu: ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga sakandare birjik a kewaye. Duk wanda ke leƙa Facebook ya sha cin karo da aikin yaran nan, wanda ya ɗauki biro ko gawayi ya fito da fuskar mutum kamar za ta yi magana. Sai dai dubi fuskokin da suke zanawa: gwamna, sanata, jarumin Kannywood, ɗan ƙwallon Turai. Yaro zai kwashe mako guda yana aiki, ya sayi firam da kuɗin aljihunsa, sannan ya shiga roƙon jama'a su yaɗa har hoton ya kai ga mai shi, ko Allah zai sa a kira shi a yi masa kyauta. Wani lokaci a kira, galibi shiru. Wannan ba ciniki ba ne, zaman jiran tsammani ne. Ba wanda ya sa shi aikin, saboda haka ba wanda yake bi bashi.

Magabatansu a sana'ar, masu rubuta allon shago da masu zanen mota, sun fi su sanin kasuwa, ko da yake injin buga hotuna ya cinye musu rabin abinci. Kuma su dabbobi suke zanawa tun fil azal. Tsaya a bakin hanyar Katsina zuwa Ƙanƙara ka kalli bayan manyan motocin da ke wucewa: zaki ya hangame baki, gaggafa ta buɗe fukafukai, doki ya yi tsaye da ƙafafun baya. Je shagon mai maganin dabbobi ka ga sa da rago da kaza a jikin bango. Hannun akwai shi, kuma idon jama'a ya saba. Amma waɗannan duka dabbobin kowa ne. Zakin bayan tifa ba zakin wani daji ba ne, dokin ma ba shi da turke a gidan kowa. Mai zanen yana da doki guda a ka, shi yake maimaitawa shekara da shekaru, launi kawai yake sauyawa. Aikin da nake magana a kai daban ne, domin akwai mai dabbar tsaye a gefe, kuma ya fi ka saninta nesa ba kusa ba.

Na ga yadda wannan bambanci ya kama wani saurayi mai zane a yankinmu. Wani dattijo mai akawal, irin masu rakiyar hakimi hawan Sallah, 'ya'yansa suka haɗa kuɗi a zana masa dokin. Suka tura wa yaron hoto ɗaya ta waya. Ya yi aikinsa tsaf, baƙin doki mai sheƙi, wuya a lanƙwashe, jela na kaɗawa. Aka kawo zaure aka jingina da bango. Dattijon ya gyara zaman tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaro, Allah ya yi maka hannu. Doki ka zana, kuma ya yi kyau. Amma ba nawa ba ne."

"Baba, wallahi daga hoton da aka turo mini na ɗauko shi."

"To ina farin da ke ƙafarsa ta hagu ta baya? Ina tabon da igiya ta yi masa a gindin kunne tun yana duƙushi? Kuma nawa ba ya miƙe kunnuwa biyu gaba ɗaya. Kullum ɗaya na baya, yana sauraren mai zuwa."

Yaron bai yi gardama ba. Ya roƙi izini ya riƙa zuwa barga da sassafe, ya zauna kan turmi da takarda a cinya lokacin da ake share turke ana zuba dusa da kanwa. A nan ya gane abin da waya ba ta gaya masa ba. Baƙin doki ba baƙi ba ne gaba ɗaya: hasken safiya na fito masa da shuɗi-shuɗi a gadon baya, da ja-ja a ciki da bakin hanci. Wanda ya ɗauki hoton a tsaye yake, ya ɗauko daga sama, shi ya sa kai ya yi girma ƙafafu suka gajarce. Sai ka durƙusa daidai ƙirjin doki kafin ka ga tsayinsa na gaskiya. Zane na biyu bai kai na farko ƙyalli ba. Shi ne dai dattijon ya karɓa, ya sa aka rataye a zaure, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa kunnen.

Wannan wahala ta zama a barga ita ce sana'ar, kuma haka take a ko'ina. Baturen Ingila George Stubbs, wanda har yau ake ganin ba a yi kamarsa ba a zanen doki, ya keɓe kansa kusan shekara ɗaya da rabi a wani ƙauye mai suna Horkstow yana feɗe matattun dawaki, yana zana tsoka da jijiya da ƙashi ɗaya bayan ɗaya, har ya fitar da littafi a kan ƙirar jikin doki a 1766. Shahararren aikinsa na wajen 1762 kwangila ce wani basarake, Marquess na Rockingham, ya ba shi: ya zana masa dokinsa na sukuwa mai suna Whistlejacket. Zanen ya kusa mita uku a tsayi, ba mahayi, ba sirdi, ba ko itace a baya, doki ne tsagwaronsa. Yana nan a babban gidan zane-zane na ƙasa da ke Landan, mutane na layi su kalle shi. Basaraken ya taɓa zama firaministan Birtaniya har sau biyu, amma yau masu sanin dokinsa sun fi masu saninsa yawa.

Kada kuma a ce abin na Turawa ne kaɗai. Sarki Jahangir na daular Mughal a Indiya, Musulmi, wanda ya yi mulki daga 1605 zuwa 1627, yana da mai zane a fadarsa, Ustaz Mansur, wanda aka san shi da zanen dabbobi da tsuntsaye. Da aka kawo wa sarkin talotalo a 1612 ya sa aka zana, da aka kawo jakin dawa a 1621 ya sa aka zana, kuma an yi su da irin kular da masana dabbobi ke dubawa har gobe. A nan gida ma, a Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, akwai zanen shanu a jikin duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, shanu marasa tozo waɗanda yanzu ba a kiwon irinsu a wajen. Tun zamanin da can wani makiyayi ya ga saniyarsa ta isa a ajiye kamanninta.

In kuwa ana maganar ƙasar da ta cancanci masu zanen doki, Katsina ce a gaba. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya dasa wasan folo a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya kai matakin +7 a wasan, matakin da ake ambata duk lokacin da aka zo tarihin folo a Nijeriya. Bisa al'ada, da Sallah hakimai kan shiga birni da dawakansu, Yandaka daga Dutsin-Ma, Maraɗi daga Kurfi, kowa da zugarsa. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. Masu zane da suka fito daga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da wasunsu daga Legas, sun daɗe suna zana hawan daba suna sayarwa ga bankuna da otal-otal da masu kuɗi. Kyawawan ayyuka ne. Amma ka lura da su: ƙura, rawuna, alkyabba, masu, lifidi, launuka na gudu. Dokin abin hawa ne kawai a ciki. Ba ka iya nuna ɗaya ka ce wannan kilin wane ne, wancan bidin gidan wane ne. Alhali mutumin da ya ci bashi ya sayi jalala da linzami, ya yi wata yana kiwata ingarmansa saboda rana ɗaya, ba ƙurar yake son gani a bango ba. Nasa yake nema.

Yanzu sai babbar magana, wadda duk mai karatu ya riga ya yi ta a zuci: hukuncin zana abu mai rai. Ba zan yi kamar ba ta nan ba, kuma ba zan raina ta ba. Hadisan da suka yi kashedi ga masu sura ingantattu ne, suna cikin Buhari da Muslim. A cikinsu akwai labarin mai zanen da ya je wa Abdullahi ɗan Abbas yana cewa da wannan sana'a yake ci, aka ba shi shawarar ya koma zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Akwai kuma wanda ya yi maganar mala'iku da gidan da ke da kare ko hoto. Manyan malamai irin su Imam Nawawi sun tafi a kan cewa haramcin ya haɗa duka, mai inuwa da marar inuwa. Duk wanda ya bi wannan ya ajiye buroshi, ko ya tsaya ga zanen gine-gine da rubutun ado, yana da hujja mai ƙarfi, kuma ba wanda ya isa ya kira shi baƙauye.

Sai dai mazhabar da aka gina karatun zaurukanmu a kanta tana da bayani nata. Malaman Malikiyya, irin su Shehu Ahmad Dardir a sharhinsa na Muhtasar, sun bambanta tsakanin sassaƙa mai jiki, wadda ke da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango. Ta farko ita suka haramta. Na biyu sun sa shi a babin karhanci ko saɓa wa abin da ya fi, gwargwadon inda aka ajiye shi. Saɓani ne tsoho, ya girmi kakanninmu, ba kuma a shafin jarida za a warware shi ba. Ni ba mufti ba ne. Abin da nake cewa shi ne mai zane ya je ya zauna gaban malaminsa ya ji bayanin duka ɓangarorin kafin ya mai da abin sana'a, ya kuma san inda aikinsa zai rataya. Zaure da shago da ofis daban, ɗakin da ake salla daban. Zanen kare kuwa, ko na farauta ne wanda shari'a ta yarda a ajiye, ni dai zan ba da shawarar a yi shi ƙarami a adana cikin littafi, kada a kafa shi a bangon ɗaki. Abin da ba na karɓa shi ne fuska biyu: yaro ya zana ɗan siyasa a tafa masa a ce Allah ya ƙara basira, ya zana rago kuma a tuna masa da wuta. In akwai matsala, ta mutum ta fi ta rago nauyi.

Akwai wani dalilin da ya sa wannan magana ta fi ciwo a yankinmu fiye da Kano ko Zariya. Dutsin-Ma da Kurfi suna maƙwabtaka da Safana da Batsari da Ɗanmusa, bakin dajin Rugu, kuma kowa ya san abin da ɓarayin shanu suka yi wa dabbobin mutane. Abin ya kai a 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da ta Dutsin-Ma, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki. Idan ana lissafin asara, kai ake ƙirgawa: an kore shanu kaza, tumaki kaza. Mai su ba haka yake ƙirga ba. Shi ya san wanda ke fara tashi in an ɗauko garma, da wanda sai an lallashe shi.

Na zauna kusa da wani manomi daga wani ƙauye ta wajen madatsar Zobe yana yi wa mai zane bayanin shanun huɗarsa biyu da aka kore cikin dare. Hoto ɗaya ne ya rage a wayar ɗansa, shi ma ba don su aka ɗauka ba: yara ne a gaba ranar suna, shanun can baya a turke, dishi-dishi. Mai zanen ya ce, "Baba, wannan hoton ba zai ba ni komai ba, sai dai ka gaya mini da baki." Sai mutumin ya gyara zama. Babban fari ne, bunaji, kunnuwa baƙaƙe, ƙahon dama ya ɗan karkata ciki tun da ya yi karo yana ɗan maraƙi. Tozonsa ya kwanta hagu. A wuya akwai kanta inda karkiya ke zama, gashin wajen ya ƙi fitowa. Ƙaramin kuwa ja ne da ɗigon fari a goshi, ba a tsakiya ba, ya ɗan sauko ta wajen ido. Mai zanen na ja da fensir yana juyo masa takardar, shi kuma yana cewa, "A'a, ƙara sauko da shi. Yauwa. Lebatun ya fi haka zuba." Kamar mai cigiya a kasuwar shanu, sai dai wannan karon ba don a nemo ba ne. Ba shi da kuɗin biya, da tiyoyin gero aka daidaita bayan kaka.

Ina kawo wannan ne kuma saboda masu cewa waya ta kashe sana'ar. Gaskiya ne kowa na da kyamara a aljihu, kuma yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da za ka ba su hoton akuya su mayar maka da shi kamar zanen fenti kafin ka ƙifta ido, kyauta ko kusan kyauta. Wanda abin da yake so ke nan, ya je ya yi, ba asarar mai zane ba ce, da ma ba zai biya ba. Amma manhajar gyara take yi. Ta ga karkataccen ƙaho ta miƙe shi, ta ga kanta a wuya ta shafe, ta mai da kowane sa ya zama san talla. Abin da take gogewa shi ne ainihin abin da mai dabbar ke nema. Kuma ba ta iya zama da tsoho awa biyu tana jin "ƙara sauko da shi." Hotunan wayar ma da muke taƙama da su, nawa ne ke wuce shekara biyar? Waya ta faɗa rijiya, an sace, memori ya lalace, an sayar an sayi taki. Takarda mai kyau a bayan gilashi ta fi su nisan kwana.

To, wa zai saya? A nan ne ya kamata matashi ya buɗe ido, kada daɗin baki irin nawa ya ɗebe shi. Manomin da na ambata ba shi ne kasuwa ba, shi ne dalili. Kasuwa tana wajen masu dawakan hawa da na sukuwa, da 'yan folo na Katsina da Kano da Kaduna waɗanda har daga Ajantina suke sayo dawaki, da masu turka raguna da shanu don gasa da alfahari, waɗanda za su so a ga balamin da suka yi shekara biyu suna ciyarwa, da masu gidajen gona, da 'yan asalin yankin da ke aiki a Abuja da Legas masu neman abin da za su kai wa mahaifi wanda ba shadda ba ce ba kuma agogo ba. Waɗannan suna da kuɗin, abin da ba su taɓa gani ba shi ne samfuri. Ba wanda zai yi odar abin da bai san ana yi ba. Mai zanen da ke son shiga sai ya fara da guda biyar ko shida na dabbobin unguwarsu, ya yi su da kyau, ya nemi mai shagon kayan doki ko mai maganin dabbobi ya rataye masa. Can masu dabbobi ke zama, ba a shafin sanata ba.

Wasu za su ce me zai hana ya nemi Turawan kai tsaye, tunda su ke biya da dala. Ba abin da zai hana, kuma akwai 'yan Nijeriya da ke samun aiki daga waje ta Instagram. Amma ya sani zai shiga layi da dubban masu zane daga ko'ina a duniya, waɗanda suka tashi tare da irin karnukan da za a ba shi, suka san yadda gashinsu ke kwanciya. Ga kuɗin aika kaya, ga wahalar karɓar biya daga waje, ga wuta da sabis da ba su da tabbas. A can shi baƙo ne mai koyo. A nan kuwa ba wani mai zane a Landan da ya san bambancin uda da balami, ko yadda rahaji ke ɗaukar ƙahonsa, ko yadda ƙurar hunturu ke dusashe jan akuya. Wannan ilimi kyauta ya same shi tun yana bin awaki, shi ne kuma yake rainawa.

Laifin da ya rage namu ne, masu saye. Mun iya yabo, ba mu iya biya ba. Mutum zai sayi sirdi da tsada bai ce uffan ba, a kawo masa zanen da aka yi kwana goma ana yi, sai ya ce, "Kai da Allah ya ba ka kyauta, ai ba wani abu ka kashe ba," ya miƙa abin da bai kai kuɗin buhun dusa ba. To an kashe. Takarda mai kauri da fenti da buroshi na kirki sai an aika Kano ko Kaduna, firam da gilashi kuɗi ne, zirga-zirgar zuwa barga kuɗin mashin ce, kwanakin kuma ba a gona aka yi su ba. Mai zane ma ya daina jin kunyar faɗin farashi. Ya tsayar da kuɗi gwargwadon girman aiki, kai kaɗai daban, jiki duka daban, da kayan hawa daban. Ya faɗi sau nawa zai yi gyara kafin ƙarin kuɗi ya shigo, domin mai doki ba ya gajiya da tuno wani tabo. Ya nuna zanen fensir a amince kafin ya taɓa fenti. Kada kuma ya ja layi ko ɗaya sai an ba shi rabin kuɗi a hannu, ko da kuwa mai odar kawunsa ne.